Tsira, Imani da Zaman Jama'a: Yadda Adabin Turanci Ya Ba Da Labarin Arewacin Najeriya

Kakangi gari ne a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, kuma da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin mazaɓu biyu da ke wakiltar yankin a Majalisar Dokokin jihar. Shekaru da dama ke nan da sunan garin, tare da na maƙwabtansa irin su Randagi, ba ya shiga jarida sai da labarin hari ko satar mutane ko neman kuɗin fansa. Manomi ya san yadda ake zuwa gona da fargaba, matafiyi kuma ya san yadda ake bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da addu'a a baki.

Tambayoyin da irin wannan rayuwa ke haifarwa tsofaffi ne. Yaya mutum zai tsira idan hukuma ta gaza kare shi? Me yake riƙe da imaninsa a lokacin tsanani? Me ke faruwa da zumunci da amana idan tsoro ya shiga gari? Waɗannan su ne manyan jigogin littattafan da aka rubuta da Turanci a kan Arewacin Najeriya tun daga shekarun 1950. Wannan bayani ya tattaro fitattu daga cikinsu, da marubutansu, da abin da kowanne ya ce a kan tsira da imani da zaman jama'a.

Me ake nufi da adabin Arewa na Turanci?

Rubutun zube na zamani a Arewa da Hausa ya fara. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan ya sa marubutan Arewa suka daɗe suna da masu karatu a harshensu, alhali takwarorinsu na Kudu irin su Chinua Achebe da Wole Soyinka sun rungumi Turanci tun da wuri.

Adabin da ake magana a kai ya kasu gida uku. Akwai abin da aka faɗa ko aka rubuta da Hausa sannan aka fassara. Akwai abin da baƙi ko 'yan wasu sassan ƙasar suka rubuta a kan Arewa. Sai kuma abin da 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, suka rubuta kai tsaye da Turanci, wanda ya fara yawaita daga ƙarshen shekarun 1970 da littattafai irin su The Undesirable Element na Mohammed Sule a 1977 da Climate of Corruption na Labo Yari a 1978.

Jigogin su kansu sun daɗe a adabin Turanci na duniya. A Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719, mutum ɗaya ne ya tsinci kansa a tsibiri bayan jirgin ruwa ya nutse, ya koma ga Ubangiji saboda kaɗaici. A Lord of the Flies na William Golding, na 1954, yara ne suka rasa manya, tsarin da suka kafa ya rushe har suka fara kashe juna. Bambancin da mai karatu zai lura da shi a littattafan Arewa shi ne, da wuya a ga mutum yana fafutukar tsira shi kaɗai. Kullum akwai uwa ko malami ko dangi a bayansa, kuma sau da yawa haɗarin daga cikin jama'ar yake fitowa.

Sata da fansa: Baba ta Karo da Shaihu Umar

Littafin da ya fi kusa da Birnin Gwari a taswira shi ne Baba of Karo, wanda aka buga a Landan a 1954. Baba tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877 a ƙauyen Karo, a kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau. Mary Smith, matar masanin zaman jama'a M. G. Smith, ta zauna da ita a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta abin da take faɗa da Hausa, daga baya ta mayar da shi Turanci. Giwa kuwa tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta gabas. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Abin da zai girgiza mai karatu na yau shi ne bayanin da ta yi a kan mahara kafin zuwan Turawa. Ta faɗi yadda suke afka wa mutane a gona ko a rinji, su kwashe mata da yara, dangi su shiga neman inda aka kai su, a yi ciniki, a tara wuri a biya fansa. Zamanin da take magana a kai shi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora, wanda ƙasar Gwari ta sha hare-harensa kafin Turawan Ingila su ci Kontagora a 1901. Baba ba ta ɓoye cewa danginta ma suna da bayi ba, kuma ta nuna cewa mulkin Turawa ya kawo ƙarshen hare-haren amma ya raba gidansu da masu yi musu noma. Wannan gaskiyar tata ce ta sa masana tarihi har yau suke komawa ga littafin.

Shaihu Umar, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci a 1967, ya bi wannan hanya ta fuskar ƙagaggen labari. An sace Umar yana yaro, ya bi hannu daban-daban har aka ƙetare hamada da shi, ya tashi a gidan wani Balarabe mai suna Abdulkarim, ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta bar gida ta shiga nemansa, ita ma ta faɗa bauta. A nan ilimi da tawakkali su ne hanyar tsira, kuma marubucin bai nuna fushi a fili ba, ya bar wahalar uwar ta yi magana. Garin su Umar a labarin sunansa Kagara, suna ɗaya da garin Jihar Neja mai iyaka da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malaman Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a watan Fabrairun 2021.

Daji da makiyayi: Cyprian Ekwensi

Cyprian Ekwensi ɗan ƙabilar Igbo ne, amma a Minna aka haife shi a 1921, kuma ya yi aikin gandun daji kafin ya shahara a rubutu. Littafinsa Burning Grass, wanda ya fito a 1962 a matsayin na biyu a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, yana cikin na farko da suka sa Bafulatanin daji a tsakiyar labari da Turanci. Mai Sunsaye dattijo ne mai shanu da iyali, sai aka yi masa sammu da ciwon yawo da ake kira sokugo, ya bar gida yana bin tsuntsu, iyalinsa suka watse kowa ya kama gabansa.

Masu nazari sun soki Ekwensi da cewa ya ƙawata rayuwar daji fiye da yadda take, kuma ya kalle ta da idon baƙo. Duk da haka littafin yana da amfani ga wanda yake son fahimtar abin da ya sauya. Dajin da ke cikinsa wuri ne na kiwo da ƙaura da mutunci, kuma babban abin da makiyayi yake tsoro shi ne rasa garkensa da tarwatsewar 'ya'yansa. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka mai da gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, irin wannan ƙasa ce. Satar shanu da ta yi ƙamari a cikinsa da dazuzzukan da ke haɗe da shi har zuwa Zamfara, ita ce ta fara raba makiyaya da dama da dukiyarsu kafin rikicin ya rikiɗe zuwa satar mutane.

Imani da mulki: Ibrahim Tahir da Elnathan John

The Last Imam na Dakta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, ya fito a 1984. Labarin Alhaji Usman ne, limamin Bauchi, malami mai zurfin ilimi da tsananin riƙo da abin da ya yi imani da shi, wanda bai yarda a gauraya addini da al'ada ba. Taurinsa ya jawo masa rigima a cikin gidansa da kuma fada, har ya rasa limancin. Tahir bai mai da shi waliyyi ba, bai kuma mai da shi mugu ba. Tambayar da littafin ya bari ita ce, idan malami mai gaskiya ya rasa tausayi, kuma sarauta ta fi son malami mai biyayya, wa zai tsaya wa talaka?

Bayan shekaru talatin da ɗaya, Elnathan John, haifaffen Kaduna da ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗauko tambayar daga ƙasa. Born on a Tuesday, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2015, labarin Ɗantala ne, almajirin da ya gama karatun allo ya ɓige da zama da yaran ƙarƙashin kuka a wata unguwa mai suna Bayan Layi. A zaɓen 2003 'yan siyasa suka ba su kuɗi da makamai su yi ɓarna. Da abin ya ɓaci aka buɗe musu wuta, Ɗantala ya gudu Sakkwato, ya sami mafaka a masallacin Shaikh Jamal.

Daga nan littafin ya bi yadda saɓani ya shiga tsakanin Shaikh Jamal da mataimakinsa Malam Abdul-Nur, wanda ya ɓalle ya kafa ƙungiya mai ɗauke da makami. Da hukuma ta zo murƙushe su, ba ta tsaya bambance mai laifi da marar laifi ba, Ɗantala ya ƙare a kurkukun soja. Darasin siyasa da ke ciki a bayyane yake: yaron da yunwa ta kora zai bi duk wanda ya ba shi abinci da suna, ko ɗan siyasa ne ko malami. Mazauna gabashin Birnin Gwari, inda rahotanni suka sha nuna 'yan Ansaru suna wa'azi da raba kyauta don jan hankalin matasa, ba sa buƙatar a fassara musu wannan darasi. Littafin ya sami lambar yabo ta Betty Trask a Birtaniya a 2017.

Mata da abin da ke bayan katanga

Zaynab Alkali, wadda aka haifa a 1950 a kudancin Borno, ita ake yawan ambata a matsayin mace ta farko daga Arewa da ta yi fice da ƙagaggen labari na Turanci. The Stillborn ya fito a 1984, ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a 1985. Labarin 'yan mata uku ne, Li da yayarta Awa da ƙawarta Faku, kowacce da burin da ta ɗora a kan aure. Li ta auri Habu Adams da fatan zaman birni, ya tafi ya bar ta a ƙauye tana jira shekara da shekaru. Abin da ya fitar da ita shi ne komawa makaranta, ta zama malama, har ta zama ginshiƙin gidan ubanta. A wurin Alkali, tsiran mace yana farawa ne daga ranar da ta daina jiran wani ya cika mata buri.

Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos, ya shiga wurin da ba a saba shiga ba da Season of Crimson Blossoms a 2015. Hajiya Binta Zubairu bazawara ce mai shekara 55, mai ibada da zuwa Islamiyya, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ta koma zama a gefen Abuja. Sai ta faɗa soyayya da Reza, matashi mai shekara 25, dillalin wiwi kuma ɗan bangar wani sanata. Reza yana tuna mata da ɗanta na fari da 'yan sanda suka harbe, wanda kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta nuna masa ƙauna. Ita kuma tana tuna masa da uwar da ta yar da shi.

Littafin ya jawo muhawara saboda ya taɓa sha'awar mace mai shekaru, amma nauyinsa ya wuce nan. Ya nuna yadda jama'a ke saurin jifan bazawara da gulma, su yi shiru a kan sanatan da ke ɗaukar yara aikin kisa ya yar da su idan ya gama. Ya kuma nuna, ta hanyar yarinya Fa'iza da ta ga an kashe 'yan gidansu a Jos, cewa wanda ya tsira da ransa yakan ci gaba da ɗauke da rikicin a ƙwaƙwalwarsa. A 2016 littafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG mai darajar dala 100,000.

Bayan Chibok: wa ke da haƙƙin ba da labari?

Sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014 ya jawo hankalin masu buga littattafai na duniya zuwa Arewa. Helon Habila, ɗan Kaltungo a Jihar Gombe, wanda ya ci kyautar Caine a 2001, ya je Chibok da Maiduguri ya rubuta The Chibok Girls a 2016, littafin rahoto da ya haɗa da tarihin rikicin addini tun daga Maitatsine. Tun kafin nan, a Measuring Time na 2007, ya ba da labarin tagwaye Mamo da LaMamo: ɗaya cutar sikila ta tsare shi a gida ya zama marubucin tarihin garinsu, ɗayan ya tafi yaƙe-yaƙen wasu ƙasashen Afirka.

A 2018 Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da Buried Beneath the Baobab Tree, wanda ta gina a kan hirarraki da matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram. A 2019 kuma Edna O'Brien, tsohuwar marubuciya 'yar ƙasar Ailan, ta fitar da Girl bayan ta ziyarci Najeriya. Wannan ya farfaɗo da tsohuwar gardama. Wasu na ganin duk wanda ya yi bincike da gaskiya yana da damar rubutu, kuma sunan babban marubuci yana kai labari inda ba zai kai ba. Wasu kuma na ganin kasuwar Turai da Amurka ba ta waiwayar Arewa sai in akwai jini, ta yadda mai karatu na waje zai ɗauka ba abin da ke yankin sai bindiga da kuka. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa littattafan Hausa na Kano, masu magana a kan aure da kishi da gado, sun fi kusa da rayuwar yau da kullum. Ɗaya daga cikinsu, Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Birnin Gwari: labarin da ke hannun 'yan jarida

Fitattun littattafan da aka lissafa sun fi karkata ga Jos da Borno da Sakkwato da Bauchi. Labarin 'yan bindigar Arewa maso Yamma kuwa, 'yan jarida da malaman jami'a ne suka fi ɗaukar nauyinsa. A 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da bincikensa mai suna I Am a Bandit, wanda ya gina a kan tattaunawa da 'yan bindigar Zamfara. A 2022 gidan talabijin na Trust TV da sashen binciken BBC na Afirka kowanne ya fitar da shiri a kan rikicin, kuma hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, tana zarginsa da kambama ta'addanci. Wannan ya nuna cewa ba da labarin yana da tsada.

Abin da marubuci zai tarar a Birnin Gwari yana da yawa. Akwai harin ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka kashe mutum sama da 40. Akwai rufe layukan waya da hana kasuwannin mako da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi a 2021, matakin da aka ɗauka don matsa wa 'yan bindiga amma ya raba talakawa da ciniki da hanyar neman agaji. Akwai ɗaliban Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun da ke kan hanyar Birnin Gwari, da aka sace a watan Maris na 2024. Sai kuma sulhun da Gwamna Uba Sani ya sanar a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari bayan ta shafe shekaru a rufe.

Sulhun kansa ya taso da tambayoyin da rahoton jarida ba ya iya ƙarasawa. Yaya mutum zai yi ciniki a kara da wanda yake zargi da kashe ɗan'uwansa? Me liman zai ce a huɗuba a kan yafiya idan ba a yi shari'a ba? Wane matsayi matar da ta dawo daga daji take da shi a gidan mijinta? Irin waɗannan tambayoyi ne Baba ta Karo ta amsa da labarin danginta, su ne kuma Tahir da Alkali da Abubakar Adam suka bi ta cikin gida ɗaya ko mutum ɗaya.

Harshe da masu karatu

Babban ƙalubalen wannan adabi shi ne, mutanen da ake ba da labarinsu ba su ne ke karanta shi ba. Turanci yana kai littafi Legas da Landan, ya jawo kyaututtuka da fassara zuwa harsunan Turai, amma ba ya isa zauren da ake hira a Kakangi. Tsadar littafi da ƙarancin ɗakunan karatu da rufewar makarantu a yankunan da ke fama da hare-hare sun ƙara faɗaɗa wannan tazara.

Akwai ƙoƙarin cike giɓin. An fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wato KABAFEST, a 2017, sannan a 2021 ƙungiyar Open Arts ta Sada Malumfashi ta fara bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa, shi ma a Kaduna. A tarukan biyu marubutan Hausa da na Turanci suna zama a teburi ɗaya, kuma batun fassara daga kowane ɓangare zuwa ɗayan yana cikin abin da ake yawan tattaunawa.

Ga matashin da ke son farawa, Baba of Karo da Shaihu Umar za su nuna masa cewa sata da fansa suna da tarihi a wannan ƙasa, kuma an taɓa kawo ƙarshensu. Born on a Tuesday da Season of Crimson Blossoms za su nuna masa yadda siyasar zaɓe ke cin yaran talakawa. The Stillborn da The Last Imam kuma za su kai shi cikin gida da masallaci, inda ake yanke yawancin shawarwarin da daga baya suke zama labarin jarida.